Mai Wushiryar Nan Na Talabijin

Bronx, daren Talata

Babana,

Ya jiki, ya ƙafa? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne.

Mahaifiyarka ta yi barci tun ɗazu. Ni na dawo daga aiki, na ci tuwon da ta rufe mini, na kwanta, barci ya ce bai san zancen ba. Shi ne na tashi na zauna a teburin kicin ɗin nan da kake yin aikin makaranta a kansa, wanda har yau tabon biro ɗinka bai goge ba. Ka san ni ba gwanin magana da kai ba ne ido da ido. Ɗan fari ne kai, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ta haɗu mini a kanka. Shekara 21 ke nan, ban tuna ranar da na kira sunanka da bakina ba, in ban da ranar da ma'aikacin shige da fice ya tsare ni da ido a filin jirgi ya ce in faɗi sunan yaron da na zo ɗauka. Takarda dai ba ta san kunya ba, don haka bari in ba ta saƙon.

Ranar Lahadi da uwarka ta sa wayar a sifika, na ji abin da ka ce. Ka ce, "Shi ke nan Baba, an gama." Ni kuma ban ce komai ba sai "Allah Ya kyauta," na miƙe na tafi masallaci alhali lokacin salla da saura. Kada ka ɗauka ban damu ba ne. Maganar ce ta tsaya mini a wuya. Daga baya ta ba ni sauran labarin: likita ya ce jijiyar gwiwar da ta tsinke karo na biyu ba ta ɗaukar na uku, kocinku ya ce ka riƙa zuwa ɗakin da ake kallon bidiyon wasa kana taya shi, yaran gidan rediyon jami'a kuma sun roƙe ka ka zauna da su ranar Asabar ka yi sharhi. Ta ce ka ƙi duka biyun. Wai ka ce surutu a kan ƙwallo aikin waɗanda suka kasa buga ta ne.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Kuma tun da na ji ta, fuskar mutum ɗaya ke yi mini gizo, wato Michael Strahan.

Na san za ka yi dariya, ka ce Baba da ko dokar wasan bai gama ganewa ba zai ba ni labarin Strahan. Gaskiyarka. Da na zo ƙasar nan a 1998, bayan masaƙar da nake aiki a Kaduna ta sallame mu, na ɗauki ƙwallon Amurka haukan masu ƙoshi. Ƙarti su sa hular kwano da kafaɗun roba, su yi layi, su yi karo kamar raguna, a busa usur, su tashi su sake. Ƙwallon ma ba ta da siffar ƙwallo, ta fi kama da gwanda, kuma da hannu ake ɗaukar ta amma ana ce mata ta ƙafa. Fasinjoji ne suka koya mini ita dole. Direban tasi a New York da bai san yadda 'yan ƙungiyar Giants suka kwana ba ranar Litinin, ya yi asarar hira, ya yi asarar ɗan ihsanin da ake ƙarawa a kan kuɗin mota. Da haka na fara sauraron rediyo, da haka sunan Strahan, mai lamba 92, ya zauna mini a kunne. Saboda haka kai ka san shi a bidiyo da lissafi, ni kuwa na san shi tun yana cin ƙasa.

Abin da ya fara ja na gare shi, kafin ma wasansa, tarihinsa ne. A Houston aka haife shi a 1971. Ubansa soja ne, manjo, aka tura shi Jamus, ya kwashe iyali zuwa Mannheim lokacin yaron yana da shekara 9. Daidai shekarun da ka zo nan ke nan, ka bar kakarka tana kuka a ƙofar gida. Ya taso a ƙasar da ƙwallon Amurka ba ta dami kowa ba. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa yana yaro lukuti ne, yayyensa suna yi masa tsiya da girman mazaunai, har ya koma yana sa kaset ɗin motsa jiki na Jane Fonda yana bi, abin da aka yi don matan gida. Sai da ya kai ajin ƙarshe na sakandare uban ya tura shi Houston wajen baffansa, wanda ya taɓa buga wasan a matsayin sana'a. Kaka ɗaya ya buga a makarantar, ya samu gurbi a Jami'ar Texas Southern, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa don baƙaƙen fata, wadda manyan masu farautar 'yan wasa ba su cika leƙawa ba. A 1993 Giants suka ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne na 40. Mutum 39 aka ga sun fi shi. Shekarunsa na farko ma ba wani abin a zo a gani, rauni a ƙafa ya fara yi masa maraba. Sai a 1997 ya buɗe wuta, ya kayar da mai jefa ƙwallo sau 14.

Kai ka fi ni sanin aikin, tunda gurbinsa kake bugawa. Amma bari ka ji yadda nake fassara wa dattawan masallaci in sun tambaye ni me ɗana yake yi a fili. Nakan ce musu, akwai mutum ɗaya da ƙwallo take hannunsa, shi ne kwatabak, shi ne idon ƙungiya. An jera masa ƙarti biyar su kare shi. Aikin ɗana shi ne ya ratsa ta gefen ƙartin nan cikin daƙiƙa uku ya damƙe shi ya kai ƙasa kafin ya jefa. Sai su ce, "To, kokawa ce ke nan." In ce kokawa ce, amma da lissafi. Strahan ya yi wannan kayarwar sau 141 da rabi a shekara 15, duk a ƙungiya ɗaya. Rabin nan ya daɗe yana ba ni dariya, sai da ka zaunar da ni ka ce in mutum biyu suka kayar tare, raba ladan ake yi. Ka tuna? Kana aji tara lokacin, ka jera cokula da murfin kwalba a kan teburin nan, ka ce wannan cokalin shi ne mai gadi, wannan shi ne ni. Cikin minti goma na gane abin da rediyo ya kasa fahimtar da ni a shekara goma sha. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

A kakar 2001 ya kafa tarihi da kayarwa 22 da rabi, ya wuce 22 ɗin da Mark Gastineau na Jets ya yi a 1984. Sai dai ta ƙarshen ta zo da ƙura. Wasan ƙarshe na kakar ne da Green Bay, a Janairun 2002, saura 'yan mintuna a tashi, kwatabak ɗinsu Brett Favre ya juyo da ƙwallo ya nufo gefen Strahan ya zame ƙasa, shi kuma ya faɗa a kansa. Washegari duk wanda ya shigo motata zancen ke nan. Rabi su ce kyauta abokinsa ya ba shi, rabi su ce kayarwa kayarwa ce. Ni a ganina Favre ya sassauta, ba na ɓoye maka. Amma 21 da rabin da suka riga ta fa, wa ya ba shi kyautarsu? Shekara da shekaru ana yi masa gori da wannan guda ɗayar. Na kawo maka wannan ne don ka san ko wanda ya kai ƙololuwa bai tsira daga bakin mutane ba, balle kai da kake jin kunyar abin da abokan wasanka za su ce in sun gan ka da makirufo.

Daren 3 ga Fabrairun 2008 kuwa, ko a kabari aka tashe ni zan ba da labarinsa. Kana Kaduna lokacin, shekararka biyar ba ta cika ba. Patriots sun zo wasan ƙarshe na cin kofi sun ci wasa 18 a jere, ba wanda ya kai su ƙasa, kowa ya gama sallamawa cewa Giants rakiya suka je Arizona. Titunan Manhattan fayau, kamar an yi shara. Na yi ta zagaye babu fasinja, sai na haura Harlem na faka a titi na 116, na shiga wani gidan abincin 'yan Senegal da ke da ƙaramar talabijin a saman firji. Mu kusan ashirin ne a ciki, direbobi yawanci, Bafulatanin Gini, Bayarabe, 'yan Mali, da wani Bazabarme da muke gaisawa. Rabinmu ba su san dokar wasan ba, amma duk mun san garin da muke ci a cikinsa. An kayar da kwatabak ɗin Patriots, Tom Brady, sau biyar a daren, ɗaya Strahan ne ya yi ta, yana ɗan shekara 36, gashi ya fara gudu. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu Patriots suna gaba da 14 da 10. Daga baya aka nuna shi a bakin fili yana bin 'yan gaban ƙungiyarsa ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu cewa 17 da 14 za a tashi, su yarda kawai. Sai kwatabak ɗin Giants, Eli Manning, ya suɓuce daga hannun mutanen da suka riƙe masa riga, ya wurga ƙwallo sama kamar mai jifan tsuntsu, David Tyree ya yi tsalle ya danne ta da hular kwanonsa, ya faɗi da ita ba ta taɓa ƙasa ba. Mai gidan abincin ya saki ludayi. Saura daƙiƙa 35 Plaxico Burress ya kama ta ƙarshe. 17 da 14. Bazabarmen nan ya rungume ni yana kabbara, ni da shi ba wanda ya taɓa riƙe ƙwallon nan da hannunsa. Da na fito titi har asuba ban huta ba, wani ma dala 50 ya ba ni a tafiyar dala 12, ya ce in riƙe canji.

Bayan wata huɗu, a watan Yuni, Strahan ya ce ya ajiye. Na ji haushi a lokacin. Mutum yana kan ganiyarsa, sabon zoben cin kofi a yatsa, ana yi masa tayin miliyoyi ya ƙara shekara. Yanzu da na ga ƙafarka a cikin ƙarfe na gane. Ƙirjinsa ya taɓa yagewa a 2004, tafin ƙafa ya ba shi wahala a 2006. Jiki bashi yake bayarwa a wasan nan, kuma ba ya yafewa. Shi ya samu ya fita da ƙafarsa, kai an fitar da kai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, bambancin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne, ban raina zafinsa ba. Sai dai ƙofar fitar ɗaya ce, kowa ta nan zai bi. Ƙungiya 32 ce a babbar gasar, wato NFL, kowace da mutum 53. A cikin yaran jami'a irinku, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba, waɗanda aka ɗauka ɗin ma yawanci shekara uku da ɗoriya suke yi a sallame su. Mutum yana ɗan 26 an ce masa tsoho.

Tunda takarda ce, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da aka ce ba za ka ƙara bugawa ba, a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani ɗan sanyi da na ji a raina, har na yi istigfari. Tun da na kalli fim ɗin nan na likitanmu ɗan Najeriya, Bennet Omalu, wanda ya buɗe ƙwaƙwalwar Mike Webster a Pittsburgh a 2002 ya ga irin ɓarnar da karon kai yake yi a hankali, ban ƙara kallon wasanka da natsuwa ba. Duk karon da ka yi, a kaina nake jin sa. Gwiwa ana ɗingisawa da ita a yi salla a zaune. Kai kuwa in ya taɓu, mutum yana raye zai manta sunan 'ya'yansa. Ka yafe mini wannan sanyin, na uba ne.

To, ga inda nake son ka buɗe kunne. Da Strahan ya ajiye, a kakar nan ta 2008 ya shiga shirin Fox na ranar Lahadi, ya zauna teburi ɗaya da su Terry Bradshaw da Howie Long da Jimmy Johnson. Ka dubi sunayen nan da kyau. Bradshaw zobe huɗu gare shi. Long yana cikin zauren gwarzaye. Johnson ya ci kofi biyu yana koci a Dallas. Su ne waɗanda suka kasa buga ƙwallo? Brady ɗin da aka yi ta birgima da shi a Arizona, mai zobe bakwai, shi ma tun 2024 makirufo yake riƙe wa Fox, a kan kwantiragin dala miliyan 375 na shekara goma, ya zama abokin aikin wanda ya kayar da shi. Osi Umenyiora, ɗan ƙasarmu da ke ɗaya gefen layin Strahan a daren nan, ya koma Landan ya yi shekaru yana yi wa Turawan Ingila bayanin wasan a BBC. Maganarka ta Lahadi ba ta da ƙafar tsayawa, Babana, zafin ciwo ne ya faɗe ta.

Amma tsohon ɗan wasa ya yi sharhin wasa ba abin mamaki ba ne, hanya ce da aka daɗe da sharewa tun zamanin su Frank Gifford. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na 2012. Regis Philbin, dattijon da ya shekara aru-aru yana shirin safe, ya yi ritaya a 2011, aka yi ta gwada mutane a kujerarsa kusa da Kelly Ripa kusan shekara guda, 'yan fim, 'yan jarida, masu barkwanci. A watan Satumba aka ce ƙaton nan mai lamba 92 aka zaɓa. Watan da ya gabace shi kuka sauka ƙasar nan kai da uwarka. Kai kana makaranta, ni ina barcin dawowa daga aikin dare, ita kaɗai a falo, ba ta san kowa ba, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Ƙarfe tara na safe sai ta kunna talabijin. Wata rana na farka na ji tana dariya ita kaɗai, na leƙo, na ga mutumin da na sani yana tumurmusa ƙarti ya ɗaura gyale a ƙugu yana yanka albasa, wata baƙuwa tana koya masa girki. Na ce mata, kin san ko wane ne wannan? Ta ce, "Mai wushirya mana." Na ce mutumin nan fa mugu ne a fili. Ta ce ita ba ta ga alama ba, mai wushirya ba ya mugunta. Har yau sunansa ke nan a gidan nan. Rabin Turancinta a bakinsa ta koya, don yana magana dalla-dalla kuma fuskarsa tana fassara abin da yake faɗi.

Wushiryar nan ma abin lura ce. A wajenmu ado ce, ana yi wa mai ita kirari. A nan kuwa aibi ce, iyaye suna kashe dubban daloli a ɗaure wa yara haƙora da waya don a rufe ta. Shi yana da kuɗin da zai rufe tasa sau dubu, ya bar ta, ta zama tambarinsa. A 2021 ya saki bidiyo wai ya je an toshe ta, gari ya ɗauka, uwarka har da salati, ashe wasan ɗaya ga Afrilu ne. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji kana ƙoƙarin murɗe harshenka a waya don kada a ji Hausa a ƙarƙashin Turancinka. Bar ta a ji.

Kada in yi maka zaƙin baki. Sunansa ne da zobensa suka buɗe masa ƙofa, kai kuma ba ka da ko ɗaya. Wanda ya ce maka za ka zama Strahan ya yaudare ka, ni ma ban ce ba. Sai dai suna yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, zaman ɗakin wani abu ne daban. Abokin wasansa Tiki Barber ya fi shi iya tsara zance, ya ajiye ƙwallo shekara ɗaya kafin shi musamman don talabijin, NBC ta ɗauke shi da ɗoki a shirinta na safe, cikin shekaru kaɗan abin ya watse, har ya nemi komawa fili a 2011 ba wanda ya ɗauke shi. Shi kansa Strahan ya yi wani wasan barkwanci mai suna Brothers a 2009, watanni kaɗan aka dakatar da shi don ba masu kallo. Barinsa shirin Kelly Ripa a 2016 zuwa Good Morning America ma bai yi kyau ba, ita ba a gaya mata da wuri ba, ta yi fushi ta ƙaurace wa aiki kwanaki, jaridu suka samu abin ci. Ɗan Adam ne, da nasa tuntuɓen.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Shekarun da nake tashi aiki da asuba, hanyata takan bi ta Times Square, inda ɗakin shirin nasu yake a lokacin, mai bangon gilashi. Ƙarfe biyar, sanyi yana yanka kunne, gari bai waye ba, amma ciki fitilu tar, ma'aikata suna ta kai da kawo, shiri kuma sai bakwai. Mutumin da ranar Lahadi da yamma na gan shi a Los Angeles yana sharhin ƙwallo, ranar aiki da sassafe ga shi a New York cikin kwat yana tambayar gwamna ko likita ko uwar da ta rasa ɗa, tafiyar awa biyar zuwa shida a jirgi tsakanin garuruwan biyu. Mai kuɗin da zai iya kwanciya har azahar. Ina ya koyi wannan? A wajen uba soja, da kuma wajen Tom Coughlin, kocin da ya zo Giants a 2004 da dokarsa ta cewa in an sa taro ƙarfe takwas, wanda ya zo takwas daidai ya makara, sai an zo saura minti biyar. Strahan ya tsane shi da farko, bai ɓoye ba, daga baya ya dawo yana yabonsa a ko'ina. Kuma aikin mai farautar kwatabak, kai ka gaya mini, rabinsa a ɗakin bidiyo ake yin sa: ka kalli mai gadinka sau ɗari har ka gane in zai ja baya yakan sassauta yatsunsa a ƙasa, in zai turo gaba yakan danna su. Mai wannan idon in ya zauna gaban baƙo a talabijin, ya san lokacin da mutum ya gaji da tambaya, ya san lokacin da wata magana take bakinsa tana neman fita. Waɗannan abubuwan ba a gwiwa suke ba. Likita bai yanke maka su ba.

Na ce zan dawo kan cokula. Ba ranar kaɗai ba ce. Kana ɗan shekara 11 kai ne tafintan uwarka a asibiti lokacin cikin ƙanwarka, nas ɗin har ta tambaya ko ɗan wane ne wannan. Ranar sallar layya da baffanninka suka cika falo ana wasa a talabijin, kai ka tsaya gefen akwatin kana gaya musu abin da zai faru kafin ya faru, ka ce ku duba, wancan na gefen zai shigo, sai ga shi ya shigo, wani Alhaji a cikinsu ya ce yaron nan ko duba yake yi. Ina kicin ina jin ka, ban fito ba, don kada fuskata ta tona ni. Allah Ya ba ka ƙarfi, Ya karɓi wani sashe nasa. Ya kuma ba ka harshe da ido, su bai karɓa ba.

Na san ɗacin sauka daga abin da mutum ya ɗauka shi ne shi. Sau biyu na sha. Na farko masaƙa. Na biyu kana gidan nan aka yi, amma mun ɓoye maka. Ni da wani ɗan'uwa muka ci bashi muka sayi lambar tasi, wadda a 2014 kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, muna ganin mun dasa bishiyar da jikoki za su sha inuwarta. Motocin da ake kira ta waya suka cika gari, cikin 'yan shekaru lambar ta faɗo ƙasa da dubu 200, bashin kuwa yana nan yadda yake. Da na koma tuƙa motar kai marasa lafiya wankin ƙoda, wata shida ina faka ta nesa da masallaci don kada a gan ni. Ni da nake da rawayar mota tawa ta kaina, na koma tura keken guragu. Yau shekara shida ke nan. Akwai wata tsohuwa da nake ɗauka Litinin da Laraba da Juma'a, in aka turo wani direba sai ta ce ba za ta shiga ba, a kira mata ni. Wata shidan nan da na yi ina ɓuya su nake jin kunya yanzu, aikin kam ban ga abin kunya a cikinsa ba. Ba na so ka yi irin ɓuyan nan, don na san inda yake kai mutum: ɗaki a rufe, labule a sauke, waya a kashe. Uwarka ta ce sau uku ta kira ka jiya.

Gidan rediyon jami'a ba Fox ba ne, na sani. Wataƙila masu sauraron ba su wuce iyayen 'yan wasa da wani tsoho a gareji ba, kuma ko sisi ba za a ba ka ba. Za ka yi in'ina a farko, za ka kira sunan wani ba daidai ba, kuma lokacin da abokanka za su fito daga rami da gudu ana kiɗa, kai kana sama bayan gilashi da sanduna jingine a bango, zuciyarka za ta yi nauyi, wataƙila ma ka yi hawaye. Yi abinka, rediyo ne, ba mai gani. In ka gwada sau uku ka ga ba naka ba ne, ka bari, ba zan ce uffan ba, digirinka dai ka ƙarasa shi, saura shekara ɗaya. Kocin ma ka je masa. Mutumin da ya neme ka bayan ka daina yi masa amfani a fili, ba a ƙin amsa kiransa.

Na karɓi hutun Asabar. Motar safe za mu biyo, in Allah Ya yarda mu iso kafin azahar. Uwarka ta daka maka yaji, ta soya dambun nama, ta ce in gaya maka kada ka raba wa ƙartin ɗakinku gaba ɗaya kamar wancan karon. Ƙanwarka tana gaishe ka, ta ce rigarka mai lamba tana wajenta kuma ba za ta dawo da ita ba. Filin ba sai mun shiga ba, hawa matattakalar nan yana wahalar da uwarka. A tashar mota za mu zauna ko a ɗakinka, na sayi batir na sa a ƙaramar rediyon nan tawa ta zamanin tasi. Ka turo wa ƙanwarka lambar tashar da lokacin da ake farawa, ita ta iya kamo ta.

Ka riƙa yin motsin da mai gashin ƙashi ya ce, ko da zafi. Salla a zaune ta halatta gare ka, kada ka matsa wa gwiwar.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka